Ƙawancen Kaboyi da Indiyawa: Yadda Aka Tsayar da Bututun Man Keystone XL

Ranar 22 ga Afrilu, 2014, mutanen birnin Washington suka ji ƙarar kofaton dawaki a kan kwalta. Mahaya ne suka taso a jere daga gaban ginin majalisar dokokin Amurka, wasu da malafar kaboyi da dogayen takalman fata, wasu da gashin gaggafa a ka da kitso har gadon baya. Suka sauka a babban filin da ke tsakiyar birnin, suka kakkafa tantuna masu tsini irin na kakannin 'yan asalin ƙasar, suka yi kusan mako guda a nan. Sunan da suka raɗa wa kansu shi ne Ƙawancen Kaboyi da Indiyawa, wato makiyaya da 'yan asalin Amurka, ba mutanen ƙasar Indiya ba. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san yadda aka saba nuna waɗannan mutane biyu: ɗaya da bindiga, ɗaya da kwari da baka, kowa na neman ran ɗan'uwansa. Ga jikokinsu sun zo a sahu ɗaya, buƙatarsu ɗaya, wato Shugaba Barack Obama ya hana a shimfiɗa bututun mai na Keystone XL ta ƙasarsu.

Marubutan ƙagaggun labarai sun daɗe suna son irin wannan haɗi. A 1975 Edward Abbey ya fitar da The Monkey Wrench Gang, inda ya haɗa likitan fiɗa, da budurwar da ke masa aiki, da wani ɗan ɗariƙar Mormon mai mata uku, da tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Vietnam, suna bin dare suna lalata katafila, babban burinsu su fasa madatsar ruwa ta Glen Canyon. Tun daga nan labaran ban tsoro a kan muhalli suka kama wannan hanya: mutanen da ba a zaci za su haɗu ba, da sirri, da nakiya a ƙarshe. Abin da ya faru a jihar Nebraska ya fi ƙarfin wannan zubi. An tsayar da aikin biliyoyin daloli ba a fasa komai ba, kuma haɗin mutanen ya fi na littafi wuya, domin akwai jini da filin da aka ƙwace a tsakaninsu.

Bututun da hanyarsa

A watan Satumba na 2008 kamfanin TransCanada ya nemi izinin gwamnatin Amurka ya shimfiɗa bututu mai faɗin inci 36 daga Hardisty a lardin Alberta na Kanada zuwa Steele City a kudancin Nebraska, tafiyar kusan kilomita 1,900, ya ratsa jihohin Montana da Dakota ta Kudu. Zai ɗauki ganga 830,000 kowace rana, a haɗa shi da wasu bututun har matatun mai na gaɓar tekun Texas. Da yake zai tsallaka iyakar ƙasa, sai da sa hannun shugaban ƙasa. Wannan ƙa'ida ita ce ƙofar da masu adawa suka samu.

Man da za a tura ba irin ɗanyen man da aka saba gani ba ne. Kwalta ce mai kauri a cakuɗe da yashi, ana haƙo ta a dazukan arewacin Alberta, ko a narkar da ita da tururi a ƙarƙashin ƙasa, sannan a sirka ta da wani sinadari mai ruwa-ruwa kafin ta iya tafiya cikin bututu. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kanta ta ƙiyasta cewa daga haƙowa zuwa ƙonawa, hayaƙin da ke ɗumama duniya da wannan mai ke fitarwa ya ɗara na matsakaicin ɗanyen man da ake tacewa a Amurka da kusan kashi 17 cikin ɗari. Wannan shi ya tayar da hankalin masu fafutukar yanayi. Masanin kimiyyar yanayi James Hansen ya yi gargaɗin cewa idan aka ƙone kwaltar Alberta kaf, to an gama da batun shawo kan ɗumamar duniya. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2011, shi da marubuci Bill McKibben suna cikin mutum sama da 1,200 da 'yan sanda suka kama suna zaman dirshan a ƙofar Fadar White House.

Sai dai da a ce waɗannan ne kaɗai, da an shimfiɗa bututun. Kamfanin ya saba da su, 'yan siyasa ma sun san yadda ake kawar da kai daga zanga-zangar 'yan jami'a da 'yan birni. Matsalar ta ɓullo ne daga inda ba wanda ya sa ido.

Wasiƙar kwana talatin

Nebraska jiha ce ta masara da shanu, mutanenta masu ra'ayin riƙau ne, shekara da shekaru 'yan Rifublikan suke zaɓa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar tuddan yashi ne da ciyawa ta lulluɓe, nan ne makiyayar manyan garkuna. A ƙarƙashin yashin akwai taskar ruwa da ake kira Ogallala, wadda ta shimfiɗu a ƙarƙashin jihohi 8, kuma daga ita ake ɗebo kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan ƙasa da ake noman rani da shi a Amurka. Mafi yawan ruwan a ƙarƙashin Nebraska yake. A wasu kwaruruka na yankin, mutum na haƙa ramin kafa shinge ruwa zai tsattsafo. Ta nan injiniyoyin kamfanin suka ja layinsu, saboda ita ce hanya mafi gajarta.

A 2010 wasiƙu suka fara isa gidajen masu filaye. Abin da ke ciki: ga kuɗin da muka yanka, ka sa hannu cikin kwana 30, in ba haka ba za mu kai ka kotu a karɓe mana hanya bisa dokar karɓe fili don amfanin jama'a. A lokacin kamfanin bai ma sami izinin gwamnatin tarayya ba. Ga shi kuma kamfanin wata ƙasa ne, mai neman riba. Takardar da ake so su sa wa hannu ba ta da wa'adi, har abada ce. Mutumin da kakansa ya kafa gidan nan shekara ɗari da suka wuce, wanda bai taɓa shiga zanga-zanga ba, wanda ma yake kallon masu maganar ɗumamar duniya a matsayin marasa aikin yi, ya karanta wannan wasiƙa a teburin kicin ɗinsa ransa ya ɓaci. Ɗaya daga cikinsu, Randy Thompson, mai harkar shanu da danginsa ke da gona a gundumar Merrick, ya ƙi sa hannu, ya fito fili ya faɗa, har aka riƙa buga hotonsa a riguna da alluna a faɗin jihar.

A watan Yuli na wannan shekarar kuma wani bututu na kamfanin Enbridge ya fashe kusa da garin Marshall a jihar Michigan. Irin wannan kwaltar ce ya ɗauko. Sai da aka yi kusan awa 17 kafin masu kula da shi su gane ya fashe, ganga kimanin 20,000 ta kwarara cikin kogin Kalamazoo. Sinadarin da aka sirka ya bi iska, kwaltar ta nutse ƙasan kogi inda kayan kwashe mai na saman ruwa ba sa kaiwa. Aikin sharewa ya ci sama da dala biliyan ɗaya da shekaru. Makiyayan Nebraska sun ga hotunan, suka dubi rijiyoyinsu.

A nan ne wata mata mai suna Jane Kleeb ta shigo. A 2010 ta kafa ƙungiyar Bold Nebraska, ita kuwa 'yar Dimokurat ce a jihar da jam'iyyarta ba ta da ƙarfi. Basirarta ita ce ba ta shiga ɗakunan taron ƙauye tana wa'azin narkewar ƙanƙara ba. Ta yi maganar da ke bakin mutanen: fili da ruwa, da tambayar wa ya ba baƙon kamfani ikon ƙwace gonar mutum. Ina ganin nan ne mutane da yawa masu kishin muhalli ke tuntuɓe, suna so sai kowa ya karɓi dalilinsu kafin su yarda ya tsaya kusa da su. Ita ta bar kowa ya shigo ta ƙofarsa.

Alamar cewa iska ta juya ta bayyana a filin ƙwallo. Mutanen Nebraska ba su haɗa ƙungiyar ƙwallon jami'ar jiharsu da komai ba. A Satumba na 2011 aka haska tallar kamfanin a babban allon filin wasa na Lincoln, 'yan kallo suka yi mata ihu, jami'ar ta janye daga yarjejeniyar tallar. Kafin nan, a ƙarshen Agusta, gwamnan jihar Dave Heineman, ɗan Rifublikan, ya rubuta wa Obama cewa kada a ba da izini a kan wannan hanya. A Nuwamba majalisar jihar ta yi zama na musamman, kamfanin ya yarda zai kauce wa tuddan yashin, gwamnatin tarayya ta ɗage yanke hukunci. Da 'yan majalisar tarayya suka matsa wa Obama da wa'adin kwana 60, sai ya ƙi ba da izinin a Janairu na 2012. Kamfanin ya sake nema a watan Mayu.

Waɗanda filin nasu ne tun farko

Ɓangare na biyu na ƙawancen ya zo da tsohon ciwo. Hanyar bututun ta ratsa ƙasar da gwamnatin Amurka ta amince wa 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin Lakota da 'yan'uwansu, a yarjejeniyoyin Fort Laramie na 1851 da 1868, ta kuma karya alkawarin bayan an ga zinariya a duwatsun Black Hills, ta ƙwace su a 1877. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa an zalunce su, ta yanke diyyar sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, suka ce dutsen ba na sayarwa ba ne. Kuɗin yana nan a asusu, da kuɗin ruwa ya haura dala biliyan ɗaya, mutanen kuwa suna cikin mafiya talauci a Amurka.

Filayen da makiyayan ke cewa gadon kakanninsu ne, daga ina kakannin suka samu? Daga dokar 1862 da ta raba eka 160 ga duk wanda zai zauna ya noma, da dokar 1904 da ta ƙara zuwa eka 640 a yammacin Nebraska. An raba ƙasar da aka kori wasu daga kanta. Saboda haka idan makiyayi ya miƙe a taro yana cewa baƙo ya zo zai ƙwace masa fili da takarda, dattijon Lakota da ke gefensa ya san wannan labari tun kafin a haifi mai maganar. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya haɗiye wannan ya miƙa hannu. Ba kuma abu ne mai sauƙi ba ga makiyayin ya saurara a gaya masa, bai tashi ya fita ba.

Ba wannan ne karon farko ba. A ƙarshen shekarun 1970 makiyaya da 'yan Lakota sun haɗu sun yaƙi haƙar yuraniyam a Black Hills, dubban mutane suka yi gangami a can a 1980. A 1987 suka sake haɗuwa don hana kamfanin Honeywell buɗe filin gwajin makamai a kudancin duwatsun, kuma a lokacin ne sunan Kaboyi da Indiyawa ya fara fita. Akwai dattawa a ɓangarorin biyu da suka tuna, wannan ya taimaka.

A Janairu na 2013 wata dattijuwa 'yar al'ummar Yankton, Faith Spotted Eagle, tana cikin waɗanda suka kira taro a ƙasarsu a Dakota ta Kudu, inda al'ummomin asali daga Amurka da Kanada suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare wurare masu tsarki daga ayyukan kwaltar, aka kuma gayyaci makiyayan Nebraska suka zo. Damuwar mutanenta ta haɗa da ruwan sha da kaburbura, da wani abu da makiyayan ba su taɓa tunani ba: sansanonin ma'aikata maza zalla da ake kafawa a gefen irin waɗannan ayyuka, da abin da ke samun 'yan mata da matan ƙabilu a kusa da su. Maganar da ke bakinsu ita ce ruwa shi ne rai, bututun kuwa baƙin maciji suke ce masa. A 2014 al'ummar Rosebud ta kafa sansanin addu'a a kan hanyar bututun, kuma da majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da aikin a Nuwamba na shekarar, shugabansu Cyril Scott ya ce wannan shelar yaƙi ce.

Masarar Ponca

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan lamari ya faru ne a wata gona kusa da ƙaramin garin Neligh.

Ponca ƙaramar al'umma ce ta manoma da ke zaune a bakin kogin Niobrara. A yarjejeniyar 1868 jami'an gwamnati suka haɗa ƙasarsu cikin wadda aka ba Lakota, maimakon a gyara kuskuren sai aka tilasta musu tashi a 1877, aka kora su a ƙafa zuwa inda yanzu ake kira Oklahoma, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin ruwan sama da laka. Sun mutu a hanya, sun mutu bayan isa, sama da mutum ɗari, saboda zazzaɓi da yunwa. A Neligh wata jaririya 'yar wata 18 ta rasu. Mahaifinta ya roƙi mutanen garin, fararen fata, su kula da kabarinta kamar na 'yarsu, tunda shi ba a bar shi ya tsaya ba. Suka yi alkawari, kuma har yau suna kula da shi. Bayan shekara biyu sarkinsu Standing Bear ya ɗauko gawar ɗansa ya kamo hanyar gida cikin tsananin sanyi don ya binne shi a ƙasar kakanninsa. Sojoji suka kama shi, aka je kotu a Omaha, a watan Mayu na 1879 alƙali Elmer Dundy ya yanke hukuncin cewa Ba'indiye mutum ne a idon doka. Sai da aka je kotu kafin a tabbatar da haka.

Gonar da nake magana tana kan hanyar da aka kora su, tana kuma kan sabuwar hanyar bututun. Mai ita tsohon malamin makaranta ne da matarsa, sun ƙi sa wa kamfanin hannu. Jikokin Ponca daga Oklahoma suka zo suka yi sansani a gonar, aka zauna gefen wuta aka yi hira, sai maganar masara ta taso. Suna da jar masara ta gado wadda ba a sake shuka ta a ƙasarta ba tun ranar da aka kore su. A bazarar 2014, bayan shekara 137, aka kawo irin. Makiyaya da manoma da 'yan ƙabila da ɗalibai suka jeru a kunya-kunya suna sa ƙwaya da hannu, bayan an yi addu'a da turare irin na Ponca. Da kaka aka dawo aka karye ta da hannu, aka ajiye iri don baɗi, haka kuma aka ci gaba kowace shekara. A Satumba na 2014 mawaƙa Willie Nelson da Neil Young suka yi wasa a wannan gona, dubban mutane suka cika ta.

A 2018 mai gonar da matarsa suka yanki sama da eka ɗaya da rabi, daidai inda masarar take, suka mallaka wa Ponca a rubuce. Akwai dabara a ciki, domin yanzu duk mai son wucewa ta nan sai ya yi magana da al'umma mai matsayin gwamnati a dokar Amurka. Amma ba dabara ce kaɗai ba. Mutum ne ya gane ta yadda filin ya zo hannun danginsa, ya mayar da abin da zai iya. Eka ɗaya da rabi ba ta biya komai daga abin da aka ƙwace ba, kuma ba na jin akwai wanda ya ce ta biya. Abin da ta nuna shi ne ƙawancen ya wuce na gaba da maƙiyi ɗaya, ya fara canza mutanen da ke cikinsa.

Makamin jinkiri

Yadda aka ci nasara bai da armashin da mai rubuta labari zai so. Takardu ne da zaman kotu da jira.

A 2012 majalisar Nebraska ta yi dokar da ta ba gwamna ikon amincewa da hanyar bututu, Heineman ya amince da sabuwar hanyar a Janairu na 2013. Nan aka ga iyakar goyon bayansa: hanyar ce ta dame shi, ba bututun ba. Masu filaye uku, Thompson a gaba, suka kai ƙara ta hannun lauya David Domina. A Fabrairu na 2014 wata alƙaliya ta soke dokar. A Janairu na 2015 alƙalai 4 cikin 7 na kotun ƙolin jihar suka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, amma tsarin mulkin jihar na buƙatar 5, don haka ta tsira. An faɗi shari'a, amma an ci shekaru. A Fabrairu Obama ya hau kujerar na ƙi a kan ƙudurin majalisar tarayya na tilasta aikin, sannan ranar 6 ga Nuwamba, 2015, saura makonni a fara taron yanayi na Paris, ya ƙi ba da izinin ɗungurungum.

Donald Trump ya dawo da aikin a makonsa na farko a 2017, ya ba da izini a Maris. Yawancin gundumomin da makiyayan nan suke shi suka zaɓa, da yawansu ma da hannunsu, amma ba su janye ƙararsu ba. Masu filaye kimanin 90 suka tsaya kai da fata. Tun a 2013 an gina rumbu mai amfani da hasken rana a kan layin bututun, daga baya aka kakkafa faifan sola, don duk wanda zai zo da katafila sai ya rushe su a idon duniya. A Nuwamba na 2017 hukumar jihar Nebraska mai ikon amincewa da hanyar bututu ta amince da ƙuri'a 3 da 2, amma da wata hanya dabam da wadda kamfanin ya nema, wato sabbin masu filaye da sabon bincike. Kwanaki kaɗan kafin wannan ƙuri'a, tsohon bututun Keystone na kamfanin ya fashe a Dakota ta Kudu ya zubar da dubban ganguna, duk da haka dokar jihar ta hana hukumar duba batun yoyo. A Nuwamba na 2018 alƙali Brian Morris a Montana ya dakatar da aikin bisa ƙarar ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa da na makiyaya, ya ce ba a yi binciken muhalli yadda ya kamata ba. Trump ya sake ba da wani izini a 2019. A 2020 kuma alƙalin ya soke lasisin tsallaka koguna.

Icen da aka daɗe ana sara, ba sara na ƙarshe ne ya kayar da shi ba. Ranar 20 ga Janairu, 2021, Joe Biden ya soke izinin a ranar da ya sha rantsuwa, a watan Yuni kamfanin, wanda ya koma TC Energy, ya ce ya haƙura. Biden ya samu abin sokewa ne saboda shekara goma sha biyu da wani abu sun wuce bututun bai kammalu ba. Gwamnatin Alberta da ta zuba kuɗin jama'a a aikin a 2020 ta yi asarar kimanin dalar Kanada biliyan 1.3.

Abin da ba a ci ba

Masu goyon bayan bututun ba miyagu ba ne, kuma wasu hujjojinsu na da nauyi. Ƙungiyoyin ƙwadago na masu walda da leburori sun so aikin. Ma'aikatar harkokin waje ta ƙiyasta guraben aiki kusan 42,000 a lokacin gini idan aka haɗa da na gefe, ko da yake na dindindin bayan an gama ba su wuce 50 ba. Ga magidancin da ke jiran aikin shekara biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙawancen bai taɓa jawo waɗannan mutane gaba ɗaya ba. Gundumomin karkara sun so harajin. Mafi yawan masu filaye a kan hanyar sun karɓi kuɗi sun sa hannu, har maƙwabta da dangi suka daina ga-maciji a wasu ƙauyuka. A Kanada wasu al'ummomin asali sun nemi sayen hannun jari a bututun. An kuma ce idan ba bututu za a ɗora man a jirgin ƙasa, wanda ya fi haɗari, ana nuni da garin Lac-Mégantic na Quebec inda jirgin mai ya kama da wuta a 2013 ya kashe mutum 47.

Ta fuskar yanayi, gaskiya ita ce kwaltar ba ta tsaya a ƙasa ba. An gina reshen kudu daga Oklahoma zuwa Texas ya fara aiki a 2014. Enbridge ya kammala faɗaɗa bututunsa na uku ta Minnesota a 2021, duk da turjiyar 'yan Ojibwe, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar. Gwamnatin Kanada ta sayi bututun Trans Mountain ta faɗaɗa shi, ya fara aiki a 2024. Man Alberta ya ci gaba da fita. Abin da aka samu shi ne a karon farko shugaban Amurka ya ƙi babban aikin mai yana ambaton yanayi a cikin dalilansa, kamfanoni suka fara sa turjiyar jama'a a lissafinsu, kuma hanyar da aka buɗe ita aka bi zuwa Standing Rock a 2016, inda 'yan asalin ƙasa suka yi turjiya a kan wani bututun man. Ta fuskar ruwa kuwa lokaci ya gaskata makiyayan: a Disamba na 2022 tsohon Keystone ya sake fashewa a Kansas, ganga kusan 13,000 ta shiga wani rafi.

Abin da ya biyo baya ya ƙara fito da ainihin igiyar da ta ɗaure mutanen. Bayan mutuwar Keystone XL, wasu kamfanoni suka zo da shirin bututun da zai kwashi iskar kabon daga masana'antun sarrafa masara a binne ta a ƙarƙashin ƙasa, ana tallata shi a matsayin maganin ɗumamar duniya. Suka nemi amfani da waccan doka ta karɓe fili. Ƙungiyar Bold da manoma masu ra'ayin riƙau da 'yan ƙabilu da wasu ƙungiyoyin muhalli suka sake haɗuwa a Iowa da Nebraska da Dakota, wannan karon a kan aikin da aka yi wa laƙabin ceton yanayi. Kamfanin Navigator ya janye nasa a Oktoba na 2023. A Maris na 2025 Dakota ta Kudu, jihar da 'yan Rifublikan ke mulki, ta yi dokar hana karɓe filin mutum da ƙarfi don irin wannan bututu. A Fabrairu na wannan shekarar kuma Trump, wanda ya dawo mulki, ya ce yana so a farfaɗo da Keystone XL.